Bappa da Farin Tayil ɗinsa

Daga Allah muka zo, wurinSa za mu koma, Bappa dai ya riga mu. Ya cika ranar Talata da hantsi a gidansa na unguwar Majidaɗi, aka kai shi makwanci bayan azahar. Kwana uku tabarmin ƙofar gida ba su huta ba, mu kuma muna ciki muna amsa gaisuwa har muryoyinmu suka dishe.

Kowa ya zo da labarinsa. Wani dattijo Mumuye mai dogara sanda, wanda suka yi aiki tare a ɗakin gwajin jini na asibiti, ya roƙa a shigo da shi ya gai da mata. Ya tsaya a bakin rumfa yana share ido da hularsa. "Wannan mutum, ita ba ya wasa da aiki," in ji shi. "Shekara talatin muna lab ɗaya, ko sau ɗaya ban gani ya yi mistek ba." Wata mai sayar da kifi a Kasuwar Jalingo ta ce ran da jini ya ɓalle mata wurin haihuwa, Bappa ne ya bi unguwa da ƙafa har ya samo mai jini irin nata. Goggo, ƙanwar Bappa ɗaya da ta rage, ba ta iya cewa komai sai "Allah yaafo mo, Allah Ya gafarta masa," tana ta maimaitawa.

Ni ma an yi mini gaisuwa. Sai dai na lura tsofaffin matan unguwa idan sun zo kaina sukan ɗan dakata, su rasa ko gaisuwar 'ya za su yi mini ko ta maƙwabciya. Ɗaya ta raɗa wa ta kusa da ita, irin raɗar nan da ake ji har bayan katanga: "Ita ce fa ta Abbare ɗin." Shekarata arba'in da uku, 'ya'yana huɗu, a gidan nan aka yanke mini cibiya, amma har yau ni ce ta Abbare, garin dangin uwata.

Bappa yayan mahaifina ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar Baba, shi ya ɗora ni kan aikin da nake ci da shi yau, shi ne kuma ya ɓata sunan mahaifiyata, Dada, da ɗigo biyu na jini. Ba na so a manta da shi. Ba na kuma so a tuna rabinsa a bar rabi.

Dogo ne, siriri, da tabarau ɗaure da zare a ƙeya. Bai iya cin abinci ya yi shiru kamar sauran bayin Allah ba, kwanon miya ma aji ne a wurinsa. Zai nuna manjan da ya taso sama da yatsa ya ce, "Juya shi daga nan har gobe, ba zai shiga ruwa ba. To ke ɗin nan ruwa ce. Abin da ya hana ki malalewa a ƙasa, Allah Ya ƙulle ruwan cikin 'yan jakunkuna da ido ba ya gani, bangon kowace jaka kuwa mai ne." Sai ya ture kwanon, ya ɗauki tsinke ya zana a ƙasa: ɗan kai zagaye, da jela biyu, ya ce haka kowace ƙwayar man bangon take. Kan yana son ruwa, jelar tana gudunsa. Don haka sai su jeru sahu biyu, jela tana fuskantar jela a tsakiya, kawunan suna kallon ruwan ciki da na waje. A jikin bangon akwai ƙofofi, gishiri da tasa, suga da tasa, ba mai shiga ta ƙofar wani. Tuwo ya huce, shi ko a jikinsa.

Yaran gidan da sun ga ya ɗauki tsinke sai kowa ya tuna an aike shi. Ni kaɗai nake zama. Yakan dafa kaina ya ce wa Baba, "'Yata ce wannan, kai dai aro aka ba ka." Baba ya yi dariya, don shi ɗinki ya sani, ba ruwansa da abin da ido ba ya gani.

Amma tun a lokacin akwai abin da nake tsoro a tare da shi. Da damina idan muka dawo daga bakin kogi da matsattsaku a ƙafa, yakan cire shi a hankali, ya ɗora a kan murfin kwano, ya tara mu, ya barbaɗa masa gishiri. Dole mu tsaya mu kalli abin yana murɗewa, ruwan jikinsa yana fita, har ya yamushe. Wanda ya kau da kai ya sha ranƙwashi. "Ba mugunta ba ce, ilimi ne," yake cewa. "Gishiri ya kira ruwan, bango ya ba shi hanya." Gaskiya ya faɗa. Ni dai na lura kullum gishirin da yake zubawa ya fi wanda darasin yake bukata.

Shi ya fara gaya mini abin da ake nufi da rukunin jini. A saman bangon ƙwayar jini, in ji shi, akwai 'yan sarƙoƙi na suga a tsaitsaye, ba sugan shayi ba, danginsa. Wani a ƙarshen sarƙarsa akwai ɗan ƙari iri ɗaya, shi ne A. Wani ƙarinsa dabam ne, shi ne B. Wani yana da duka biyun, wani ba shi da ko ɗaya, shi ne O. Da su jiki yake gane nasa, kamar yadda makiyayi ke gane saniyarsa da shaidar kunne, kuma gadonsu ake yi daga uwa da uba. Yana da wani farin tayil da yake gwaji a kai, da kwalabe biyu 'yan ƙanana, shuɗiya da rawaya. Maganarsa a kansa guda ce, duk unguwa an haddace ta: "Mutum yana ƙarya, tayil ba ya yi."

Ina da shekara goma sha ɗaya gyambon ciki ya kwantar da Baba a asibiti, yana aman jini. Aka ce sai an ƙara masa, shi kuma O ne. Bappa ya dawo gida bayan azahar da tayil ɗinsa a aljihu, ya zauna a ƙarƙashin rumfa, ya ce duk manyan gida su fito. Bazara ce, irin zafin Jalingo da ko kaza ba ta yawo. Yana huda yatsa, ya ɗiga jini wuri biyu, ya sa shuɗi a ɗaya rawaya a ɗaya, ya gauraya da tsinken ashana. Inda ya yi gudaji-gudaji, nan ne amsar. Aka gwada Goggo, aka gwada samarin gidan, aka gwada Dada ta fito A. Ni ba a bukatar jinina, yarinya ce. Ni na nace. "Bappa, ni ma a yi mini." Ya yi murmushi ya ce in kawo yatsa.

Ya ɗiga, ya gauraya, ya ajiye tsinken. Daidai nan aka yi sallama a zaure. Wani tsohon maƙwabcinmu ne da ya dawo daga tafiya ya zo jajen rashin lafiyar Baba. Bappa kuwa ba ya katse gaisuwa, ba ya kuma barin babba ya tafi ba rakiya. Muna jiyo gaisuwarsu ta Fulatanci, jam, jam, ana tambayar gida, da yara, da shanu, da hanya, da mutanen da aka baro. Suka gama, ya taka masa har kan kwanar layi. Tayil yana nan a ƙasa inda ya bar shi, rana ta ɗan leƙo gefen rumfar.

Ya dawo ya ɗauka, ya gyara tabarau. Ya daɗe yana kallo. Ɗigon biyu duk sun yi gudaji.

"AB," ya ce. Sai ya ɗago ya dubi Dada, a gaban Goggo, da matansa, da samari, da 'yar maƙwabta da ta shigo aron turmi. "Ɗan'uwana O ne. Mai O ba ya haifar AB. Ku je ku tambayi duk wanda kuka ga dama." Ya goge tayil ɗin da tsumma, ya nuna ni da haɓa. "Wannan ba tamu ba ce."

Matan gidanmu ba su san A ba, ba su san B ba, amma wannan kowa ya gane. Kafin la'asar maganar ta kai bakin rijiya. Bayan kwana takwas Baba ya rasu. Har yau ban sani ba ko an kai masa labarin a gadon asibiti, kuma ban taɓa samun ƙarfin tambaya ba.

Mutum ɗaya ne ya tsaya wa Dada, limamin masallacin layinmu. Ya tare Bappa a ƙofar masallaci da rana tsaka, mutane suna saka takalma. Ya ce masa yarinyar da aka haifa a ɗakin aure ta mai ɗakin ce, shari'a ba ta san tayil ba, kuma jifan matar aure da irin wannan magana ba ƙaramin abu ba ne a wurin Allah. Bappa ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Malam, ni ban ce kowa ta yi komai ba. Abin da na gani na karanta. Kai ka karanta naka, ni na karanta nawa." Shekara guda cur bai ƙara bin liman ɗin salla ba, ya gwammace ya taka zuwa wani masallaci a cikin rana.

Dada ta yi takabarta a gidan, ba mai zama kusa da ita. In ta yi girki Bappa ya mayar da kwanon a rufe. Da ta gama ta haɗa kayanta za ta koma gidan Kawu a Abbare, ta kama hannuna, sai Bappa ya ce, "Liman ya ce tamu ce. To a bar mana kayanmu." Haka ya raba ta da suna, ya raba ta da 'ya, duk da hujja a bakinsa. Ta zauna a Abbare tana suyar ƙuli tana matsar man gyaɗa. Mace ce kyakkyawa, shekarunta ba su kai talatin da biyar ba, amma ba wanda ya ƙara yin sallama dominta.

Ni kuma na tashi a gidan ubana kamar 'yar riƙo. Bappa bai taɓa dukana ba, bai hana ni abinci ba. Sunana kawai ya daina kira. "Ku kira yarinyar nan." "Ku ba ta Abbare." In ya ɗauki tsinke zai yi zane a ƙasa, na matso, sai ya juya mini baya ya ci gaba da bayani ga yaran da suke hamma. Na tsane shi, na kuma riƙa laɓewa bayan randa ina saurare, don duk duniya ba wanda ya iya bayani kamarsa.

Ba zan ɓoye alherinsa ba. Ina shekara goma sha uku taifot ya kusa kai ni. Bappa ne ya goya ni a bayansa zuwa bakin titi, dattijo da furfurarsa, shi ya ɗebi jinina da hannunsa, shi ya zauna yana ba ni kunu da cokali yana hurawa. Bayan na warke sai ya canza. Ya saya mini takalmin makaranta, ya fara duba littattafaina, ya ja kunnen matansa a kan aikena kasuwa lokacin karatu. Da na gama sakandare shi ya cika mini takardun makarantar koyon aikin gwajin jini, ya raka ni har tasha. Na ɗauka tausayi ne ya kama shi. Sunan dai bai dawo ba.

A makarantar, ranar da aka fara koya mana gwajin rukuni, malamin ya ce kowa ya gwada kansa. Kafin mu fara ya buga tebur ya ce mu buɗe kunne: ana karanta ɗigo ne cikin minti biyu. Wanda ya bari ya sha iska, balle a garin zafi, zai bushe ya tsattsage, ya yi kama da gudaji alhali ba komai. Na huda yatsa, na ɗiga, na gauraya, na zuba ido. Shuɗi bai motsa ba. Rawaya bai motsa ba. Na sake har sau uku, na sa malamin ya yi da kansa ya rubuta mini a takarda. O ce ni, irin Baba. Na zauna a kan benci ina jin muryar tsohon nan a zaure, jam, jam.

Da hutu na sami Bappa a ƙarƙashin rumfar da safe yana shan shayi. Na durƙusa na ajiye takardar a gabansa. Ya karanta, ya ninke ta biyu, ya miƙo mini.

"Na sani," ya ce.

"Tun yaushe, Bappa?"

"Tun taifot ɗinki."

Shekara tara ke nan da ya ɗebi jinina, ashe ya sake gwadawa ya ga gaskiya. Takalmin, da littattafan, da rakiyar tasha, duk na gane kuɗin me ne. Na ce, "Dada fa?"

Ya kurɓi shayinsa. "Rabin garin nan a hannuna aka ƙara musu jini. In fito in ce na bar ɗigo ya bushe a gidana? Gobe duk wanda nasa ya mutu a asibiti sai ya zo ƙofata. Magana ta riga ta kwanta, ki bar ta."

"Ba ta kwanta ba, Bappa. Tana Abbare tana suyar ƙuli."

"Kin yi karatu," ya ce, "amma ba ki yi hankali ba. Tashi ki ba ni wuri."

Na bi dangi da takardar nan gida-gida. Goggo ta riƙe ta a juye, ta ce, "Ke jiya-jiya kika fara, shi kuwa tun ba a haife ki ba yake wannan aiki. In gaskiya ne ai da bakinsa zai faɗa." Duk inda na je amsar ke nan. Bakin da ya ɗaura shi kaɗai ne zai kwance, ba wanda zai ɗauki maganar ɗaliba ya bar ta mutumin da bai taɓa kuskure ba. Da aurena ya zo, ranar ɗaurin aure Bappa ya ce maƙogwaro yana masa ciwo, ya wakilta wani ɗan'uwansu na nesa ya ba da ni. Mutane suka lura, suka gyaɗa kai.

Shekara ashirin ina roƙonsa. Da sallah, da suna, da duk ran da na same shi shi kaɗai. Wani lokacin ya yi kamar bai ji ba, wani lokacin ya tambaye ni sababbin na'urorin da aka kawo mana wurin aiki, idonsa yana ƙyalli, mu yi hira mai daɗi har in manta da wa nake magana. Wannan ne ya fi ba ni haushin kaina.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, ni nake zuwa duba shi kullum bayan na tashi aiki. Ana saura kwana biyar ya cika na tsuguna a gefen katifarsa na ce, "Bappa, Dada ta tsufa, kai ma ga inda kake. Kalma ɗaya ce. Ka tara su ka faɗa." Ya ce, "Kira su gobe bayan la'asar." Na fita ina kuka, na farin ciki.

Washegari ɗakin ya cika, Goggo, da matansa, da 'ya'ya, da jikoki, har da limamin da ya gaji wancan. Aka tayar da shi aka jingina da filo. Ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya tsallake ni. Ya ce, "Ni ɗan Adam ne. Duk wanda na saɓa wa, da saninsa ko ba da saninsa ba, ya yafe mini." Ɗaki ya ɗauki kuka. "Mun yafe, Bappa, mun yafe, kai ma ka yafe mana." Liman ya ɗaga hannu aka shafa. Na jira. Ya rufe ido ya ce a kwantar da shi, ya gaji. Goggo ta taɓa ni ta ce, "Ke ba ki ce kin yafe ba." Duk ɗakin aka juyo ana kallona, ni ce mai taurin zuciya a gaban mai shirin mutuwa. Na ce na yafe.

Dada ba ta zo zaman makoki ba, ba kuma wanda ya tambaya. Bayan addu'ar uku na hau keke napep na tafi Abbare. Na same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, yanzu hannun ba ya iya matsa, ɓara kawai. Ta yi mini gaisuwa yadda ake yi, ta yi masa addu'a. Sannan ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ya faɗa?"

"Bai faɗa ba, Dada."

Ta gyaɗa kai. "Na san ba zai faɗa ba. Ke ce kika wahalar da kanki. Shi ai yayan miji ne, ba ni na haife shi ba." Ta watsa ɓawon a kwando. "Ranar tayil ɗin nan da kowa ya juyo yana kallona, ban damu da ko ɗaya ba. Ke nake nema da ido. Kina kusa da ni, zaninki yana taɓa nawa. Sai kika ja jiki kika koma wajen Goggonki."

Ban tuna ba. Da ta faɗa kuma sai na tuna, har da ɗumin ƙasar a tafin ƙafata.

"Shekarata goma sha ɗaya, Dada."

"Na sani. Shi ya sa ban taɓa gaya miki ba."

Na ce ta yafe mini. Ta ce ta yafe tun ina yarinya, mantawa ce ta gagara. Ta turo mini kwandon da ƙafa, muka ci gaba da ɓara.

Allah Ya jiƙan Bappa, Ya sa jinin da ya samo wa mutane ya tsaya masa ran tsayuwa, Ya sassauta masa tambaya a kan sauran. Ku da kuka cika tabarmin ƙofar gidansa, ga abin da ya sani shekara talatin ya tafi da shi a baki: ya tafi rakiya, ɗigon ya bushe. Ni 'yar ƙaninsa ce. Uwata ba ta yi komai ba, tana nan da ranta a Abbare, kuma kun san gidan.